Baba Fasto, na kasa yin addu'a tun da maigidana ya rasu

Tambaya: Baba Fasto ina gaisuwa. Ni mazauniyar Narayi ce a Kaduna, maigidana ya rasu wata takwas kenan bayan doguwar jinya, ya bar ni da yara uku. Mun yi azumi, ikilisiya ta yi ta addu'a amma ya tafi. Yanzu in na durƙusa bakina ba ya buɗuwa, haushin Allah ma nake ji, na daina zuwa sujada. Kowa sai ya ce in yi haƙuri nufin Allah ne. Shin na faɗi daga bangaskiya ne?

Amsa: 'Yata sannu, Ubangiji ya yi miki ta'aziyya ke da yaran. Amsar a taƙaice, a'a ba ki faɗi ba. Wanda ya bar Allah ai ba ya jin haushinsa, share shi yake yi ya kama gabansa, ke kuwa har yanzu da shi kike rigima, kin ga kenan ba ki sake shi ba.

Ki buɗe Zabura ki gani. Guda 150 ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. A Zabura 13 sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ma ita ta fi, daga farko har ƙarshe babu inda mai rubutun ya ce ya samu sauƙi, a cikin duhu ta ƙare, amma Allah ya bar ta a Littafi Mai Tsarki bai sa an cire ba, mu ne dai fastoci ba mu cika yin wa'azi a kanta ba domin ba ta sa mutane tafi da rawa. Na'omi da ta koma Baitalami bayan ta binne miji da 'ya'ya maza biyu cewa ta yi a daina kiranta Na'omi a kira ta Mara, wato ɗaci, kuma a gaban mutanen gari ta ce Mai Iko Dukka ne ya sa rayuwarta ta yi ɗaci. Ba a kore ta ba, ta wurin surukarta Rut ma aka samu kakan Dawuda.

Zancen masu cewa ki yi haƙuri kuma, ba mugunta ba ce, yawanci ba su san me za su ce ba ne. Na sha zama a gidan makoki a Sabon Tasha da Kakuri, an kafa rumfa an jera kujerun roba, zumuntar mata na ta waƙa, ana ta shigowa da kuloli, bayan sati biyu a kwashe kujerun kowa ya koma harkarsa, to daga nan ne ainihin makokin yake farawa, lokacin da za ki ga takalminsa a bakin ƙofa ko ki ɗauki waya za ki kira shi sai ki tuna. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, wannan shi ne abu mafi kyau da suka yi. Da suka fara bayani sai suka ɓata komai, har a sura 42 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi, Ayuban nan da ya yi ta gunaguni. Shi ya sa ni ba na karanta wa gwauruwa Romawa 8:28, mai cewa komai yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, ranar jana'iza, ayar gaskiya ce amma akwai lokacinta.

Dalilin da ya sa Allah bai warkar da shi ba, ba zan ƙirƙiro miki ba. Abin da zan iya nuna miki shi ne Yahaya sura 11. Marta ta tari Yesu a hanya ta ce Ubangiji da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba, wannan ai ƙorafi ne tsagwaronsa, bai tsawata mata ba, ya ce mata shi ne tashin matattu da rai, sannan da ya ga 'yar'uwarta Maryamu tana kuka shi ma ya zub da hawaye alhali ya san zai tada ɗan'uwan nasu Li'azaru. Begenmu a nan yake, a kabarin Yesu da aka tarar babu kowa, ko zuciyarki ta ji daɗi yau ko ba ta ji ba. Bulus ma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada ya zama irin na marasa bege.

Tunda bakinki ba ya buɗuwa, ki ari na Dawuda, ki karanta Zabura 13 da ƙarfi kowace safiya, aya shida ce kawai. Ki samu mace ɗaya a zumunta, in da hali wadda ita ma ta rasa miji, wadda za ki iya faɗa mata komai ba tare da ta kai gaba ba. In kuma barci ya ƙi, abinci ba ya shiga, ko tunanin gara ki bi shi yana zuwa miki, dan Allah kar ki ce aljanu ne ki zauna a ɗaki, ki faɗa wa wani a ranar, a raka ki asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Ran Lahadi ki gwada zuwa ko da a bencin baya za ki zauna, ba dole ki yi waƙa ba, in kuka ya zo ki fita waje ki sha iska ki dawo. Ki zo da yaran, su ma babansu suka rasa.