Tambaya da Amsa: Zanen namun daji a filayen ciyawar Amurka

An ba mu aiki a makaranta kan zanen namun dajin "fireri" da yadda mutane suka sauya shi. Wane irin wuri ne, kuma zanen wa ya kamata in fara dubawa? — Ɗalibin zane, Zariya

Malam ɗalibi, fireri shi ne shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da ya ratsa tsakiyar Amurka har cikin Kanada, ƙasa mai ƙarancin itace. Sashensa mai doguwar ciyawa a da ya kai eka miliyan 170. Yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a tuddan Flint na jihar Kansas, inda duwatsu suka hana garma shiga. Garmar ƙarfe da John Deere ya ƙera a 1837 ce ta iya yanka sarƙaƙƙen saiwar ciyawar, dokar rabon filaye ta gwamnatin Amurka ta 1862 ta raba wa manoma eka 160 kowanne, waya mai ƙaya ta biyo baya a 1874. Ɓaunan Amurka kuwa, da ake ƙiyasta ya kai miliyan 30 ko fiye, zuwa 1889 kusan dubu ɗaya kawai aka iya lissafawa.

Ka fara da zane biyu, ka ajiye su kusa da juna. Na farko na Albert Bierstadt ne na 1888, kan ƙarewar ɓauna: ɗan asalin ƙasar bisa doki yana sukar ɓauna da mashi, ƙasusuwa warwatse a gaba. Aikin hannun ba a magana, amma zanen ya ɓoye mai laifi. Babu mafarautan fata masu bindiga a ciki, babu titin jirgin ƙasa, alhali su ne suka ƙarar da garken. Na biyu na Alexandre Hogue ne na 1934, lokacin guguwar ƙurar da ta biyo bayan nome ciyawar: ramammiyar saniya a bakin busasshen kwamin ruwa, ungulu tana jira, rairayi ya fara binne gida. Hogue bai zana mutum ko ɗaya ba, amma duk abin da ke wurin aikin mutum ne. A ganinmu, a hannunsa za ka fi ƙaruwa.

Yaya zan nuna ɓarnar ɗan Adam ba tare da zanen ya koma kamar allon talla ba? — Malamar firamare, Maraɗi

Malama, ki zaɓi dabba ɗaya da abu ɗaya na mutum, ki fahimci ainihin yadda suke cin karo, ki zana wannan kaɗai. Misali mafi kyau shi ne barewar fireri da shingen waya. Wannan dabba ta fi kowace dabbar ƙasa gudu a nahiyar Amurka ta Arewa, amma ba ta saba tsallake ba, domin ta tashi a filin da babu abin tsallakewa. In ta iske shinge, ta ƙarƙashi take kutsawa. To in wayar ƙasa mai ƙaya ce kuma ta yi kusa da ƙasa, sai ta kankare mata gashin baya, ko ta tare garken gaba ɗaya a lokacin ƙanƙara. Shingen da masana namun daji ke ba da shawara a kai, wayarsa ta ƙasa ba ta da ƙaya, tana sama da ƙasa da santimita 40 zuwa 46, ta sama kuma ba ta wuce kamar santimita 105 ba.

Saboda haka mai zana barewar tana shawagi bisa shinge ya zana abin da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ya zubar da labarin. Ki zana ta durƙushe, kafaɗa ƙarƙashin waya, da ɗan tuzgen gashi maƙale a ƙaya. Wannan gashin ya ishi mai kallo.

Game da tsari: ki sa layin da sama ta haɗu da ƙasa a kashi ɗaya cikin uku na takardar daga ƙasa, in faɗin sama kike son a ji. In kin raba takardar biyu daidai, ido ya rasa inda zai sauka. Turakun shingen su riƙa raguwa a tsawo da tazara yayin da suke nisa, launinsu yana disashewa zuwa toka-toka mai shuɗi. Kuskuren da muka fi gani shi ne a ja wayar da baƙin layi mai kauri ɗaya daga gaba har ƙurya. Sai ta fito kamar an manna ta. Waya ta nesa a karce ta da tsinin reza bayan fenti ya bushe, a bar ta tana ɓacewa tana bayyana.

Akwai wata hanya da muke so ƙwarai, wato yanka ƙasar a nuna cikinta. Mafi yawan jikin ciyawar fireri a ƙarƙashin ƙasa yake: doguwar ciyawar can tana kai mita 2 a sama, saiwarta kuma mita 2 zuwa 3 a ƙasa. Ki tsayar da takarda a tsaye, hagu ciyawa da saiwarta a cunkushe, da ramin kuregen fireri a tsakani, dama gonar masara da saiwar da ke mutuwa bayan girbi. Kuregen nan ba ado ba ne. Wata dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, kusan shi kaɗai take ci kuma a raminsa take kwana. Da aka bi kuregen da guba sai ta ɓace, har aka ɗauka ta ƙare, kafin a sake gano ta a jihar Wyoming a 1981. Daga guda 18 da aka kama aka sake hayayyafar jinsin.

Ɓaunan da nake zanawa kullum kamar bijimi yake fitowa. Ina nake kuskure? — Mai zanen allo, Kumasi

Ɗan'uwa, hannunka ya saba da shanunmu ne. Tozon bijimi ƙulli ne da ke zaune bisa kafaɗa, bayan kuma ya miƙe. Na ɓaunan Amurka dogayen ƙasusuwan baya ne da tsoka, don haka layin bayan yakan hau can sama a kafaɗa, ya gangaro a hankali har ƙugu. Kan yana rataye ƙasa da layin bayan sosai. Ka fara da babban da'ira na gaba da ƙarami na baya, ka ɗora kan a ƙasan babban. Ƙahonin gajeru ne, suna lanƙwasa sama, ba su haɗe a goshi kamar na ɓaunan Afirka ba. Namiji yana kai mita 1.8 a kafaɗa da kilo 900.

Ka kuma lura da lokaci. Maruƙa ana haifarsu a Afrilu da Mayu, jajaye ne, a wannan lokacin kuma manya suna zubar da gashin sanyi faci-faci. Jan maraƙi cikin busasshiyar ciyawar Oktoba kuskure ne da masani zai gani nan take.

Na ji wasu masu zane suna yin fenti da ƙasar wurin da suke zanawa. Yaya ake haɗa shi? — Wata mai karatu, Katsina

Hajiya, gaskiya ne, kuma abin haɗin a hannunki yake, domin ƙaron da ake ɗaure fentin ruwa da shi a duniya daga Sudan da Chadi da Najeriya mafi yawansa ke fitowa. Ki shanya ƙasar ta bushe, ki daka, ki tankaɗe. Ki dama cikin ruwa mai yawa, ki jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan mai gurɓi a wani mazubi, ki bar shi ya kwana. Laushin da ya kwanta shi ne launinki. Ki zubar da ruwan sama, ki shanya.

Ruwan ƙaro kuwa: awo ɗaya na dakakken ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya narke, a tace da ƙyalle. A kowane cokali huɗu ki sa cokali ɗaya na zuma don kada fentin ya ƙandare, da ɗigon man kanumfari saboda fumfuna. Ki fara da garin ƙasa da ruwan ƙaro daidai wa daida, ki niƙa bisa gilashi har ki daina jin ƙaiƙayin yashi. Ki shafa a takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ki bari ya bushe, ki goga yatsa. In launi ya biyo yatsan, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa.

Baƙar ƙasar fireri, wadda ita ce arzikin wurin, ba ta ba da fenti mai kyau: baƙinta na ruɓaɓɓiyar saiwa ne, yakan fito fari-fari kuma ya yi fumfuna. Jar ƙasa irin ta jihar Oklahoma ce ke riƙe launi, saboda tsatsar ƙarfen da ke cikinta, kuma jar ƙasarmu haka take. Don duhun gashin ɓauna, ki gauraya jar ƙasar da ɗan shuɗin fenti maimakon baƙi, ki shafa sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba.