Sifika shida, biyu kaɗai ke magana

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Ƙofar Ƙaura nake, a Katsina. Na sayi amfilifaya ta hannu mai sifika biyar da wufa ɗaya, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Laftof ɗina ba shi da ramin waya mai jan haske, sai na sayo 'yar na'urar sauti ta USB mai irin ramin. Na haɗa, amma na gaba guda biyu kaɗai ke magana. Da na taɓa wani wuri a VLC kuma, manhajar da nake kallon fim da ita, sai wani shuuu ya tashi har yara suka watse. Ko na'urar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya in lalacewa ce. Hanyar da wayar nan ke bi sunanta S/PDIF, aikin Sony da Philips, kuma layin sauti biyu rak aka yi ta ta ɗauka, dama da hagu. Layi shida ba sa wucewa sai an matse su, kamar Dolby Digital da bai haura kilobit 640 a daƙiƙa ba, ko DTS mai kusan 1,500. A ƙunshe suke tafiya, amfilifaya ce ke da hurumin kwance ƙunshin.

Ka ɗauka ka ba direba saƙo a ɗaure ya kai Daura. Nasa kaiwa ne. Ita kuwa Windows shisshigi gare ta: ko ta kwance ƙunshin ta mayar da shi layi biyu, abin da ka fara ji ke nan, ko a taɓa shi a hanya, a rage ƙara, a cusa ƙarar shigowar saƙo, ya isa a dagule. Amfilifaya ta kasa gane shi, sai ta watso maka shi yadda ya zo. Shuuu ɗin da ya kori yara ke nan, kuma in ka bar shi da ƙarfi yana iya ƙona ƙananan sifikun.

Rage ƙarar amfilifaya tukuna. Shiga saitin Sound, zaɓi na'urar USB ɗin, buɗe Properties. A shafin Supported Formats sa alama a Dolby Digital da DTS Audio da 48 kHz. A Advanced bar manhaja ta riƙe na'urar ita kaɗai, ka kashe duk wani kwalliyar sauti, ƙarar kwamfuta kuma ta tsaya a 100. Sannan a VLC, sashen Audio, kunna HDMI/SPDIF audio passthrough. In ta yi, za ka ga sunan Dolby ko DTS ya bayyana a fuskar amfilifaya.

In babu shafin Supported Formats sam, to na'urar ba ta iya wannan aikin ba. Kasuwa cike take da masu rubutun 7.1 a kwali alhali kwaikwayo ne da layi biyu, ni kam ba na sayen ko ɗaya sai an gwada a gabana.

Duba fim ɗin ma. Wanda aka turo ta WhatsApp galibi layi biyu ne. Wanda aka matse sautinsa da tsarin AAC mai layi shida kuma ba ya bin wannan waya, sai dai ka sa Kodi, wata manhajar kallon fim, ka kunna mata juya sauti zuwa Dolby Digital. Manyan tsarin sauti irin su Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio kuwa sun fi ƙarfin wayar hasken. Leƙa bayan amfilifayar, in akwai ramin HDMI mai shiga, ja waya daga laftof kai tsaye, ka ajiye 'yar USB ɗin a aljihun tebur.