Tambaya da amsa: sayen na'urar haɗa kiɗa ta hannu ga mai aiki a ƙauye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, ina sa kiɗa a gidajen biki, kuma ina ɗaukar waƙoƙin matasa a ɗan ɗakina da fiyano. Ina son na'urar da zan naɗi sautin kalangu da na ƙwarya da ita, in riƙa haɗa kiɗa ba sai da kwamfuta ba. Kuɗina ba su kai na sabuwa ba. Wace iri zan nema ta hannu, kuma me zan duba don kada a cuce ni? Wuta ba ta zama a wurinmu, janareta da ƙaramar sola nake amfani da su.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar wutar da ka ajiye a ƙarshe, da ita za mu fara, domin ita ce za ta zaɓa maka na'ura kafin a zo maganar suna ko farashi.

Na'urorin nan iri biyu ne, ko da yake yanzu sun cakuɗe. Akwai samfula, wadda ke naɗar sauti daga makirfo ko waya, ta ajiye, ka riƙa buga shi a kan maɓallan roba. Akwai kuma akwatin kiɗa, wanda ya zo da nasa sautukan ganga da na fiyano, kai dai jerawa za ka yi. Tunda kalangu kake son naɗa, dole ka sami mai kafar shigar da sauti wadda ke naɗa da kanta. Wasu ƙanana, irin Korg Volca Sample da Novation Circuit Tracks, suna buga sautin da aka zuba musu daga waya ko kwamfuta, amma ba sa naɗa da kansu. Mai sayarwa ba lallai ya gaya maka wannan ba, sau da yawa shi ma bai sani ba.

A wurin da wuta ba ta zama, mai cin batir ita ce ta fi. Roland SP-404SX, wadda ta fito a 2009, tana aiki da batir ɗan yatsa guda 6, tana da makirfo a jikinta, tana ajiya a kan memori na SD har mai 32GB. Korg Electribe Sampler ita ma batir 6 take ci. Akai MPC Live ta 2017 da Novation Circuit Rhythm ta 2021 batirinsu na ciki ne, ana yi musu caji kamar waya. Akai MPC One da Elektron Digitakt kuwa ba su da batir ko kaɗan. Da zarar inji ya yi tari, abin da ba ka adana ba zai iya tafiya. Idan irin waɗannan biyun zuciyarka ta kwanta da su, to ka jona su a inbatar solarka, kada ka jona kai tsaye a ƙaramin janareta, domin hawa da saukar wutarsa ke kashe adafta.

Tsofaffin MPC, irin MPC2000 ta 1997 da ƙanwarta 2000XL, suna da suna a wajen masu kiɗa na Amurka, shi ya sa ake tsawwala kuɗinsu. Ba mu ba ka shawarar su ba. Yawancinsu da faifan filofi, tsohon faifan kwamfuta, suke ajiya, wanda ba ka samun mai kyau a Kano balle a Ringim, kuma idan allonsu ya dushe sai an yi odar wani daga waje.

Yanzu maganar kiɗanmu, wadda masu sayarwa ba sa taɓowa. Kalangu ba bugu ɗaya ba ne mai murya ɗaya. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, kuma a cikin wannan hawa da saukar maganar take. Idan ka naɗi bugu guda ka ɗora a maɓalli, abin da za ka ji ganga ce kawai marar harshe. Sai dai ka naɗi jimla sukutum, ta daƙiƙa 4 zuwa 8, kuma ka tara irinta da yawa. Wannan na cin wuri. Minti 1 na sauti mai ingancin faifan CD yana cin kusan 5MB idan layi ɗaya ne, kusan 10MB idan na hagu da dama ne. Saboda haka MPC1000 da ba a ƙara mata ƙwaƙwalwa ba, mai 16MB, minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi kawai na layi ɗaya za ta riƙe maka a lokaci guda. Wadda aka ƙara wa tana kai 128MB. Ka tambaya, kuma ka gani da idonka a allo lokacin da take tashi. SP-404SX ba ta da wannan matsalar, domin daga memori take karantowa kai tsaye, amma maɓallanta ba sa bambance bugu mai ƙarfi da mai taushi. Sabuwarta, SP-404MKII ta 2021, tana bambancewa, haka ma duk MPC.

Abu na biyu, yawancin na'urorin nan an jera su a kan taku 16, wato kiɗan da ke tafiya huɗu-huɗu. Da yawa daga kiɗan biki na ƙasar Hausa uku-uku yake tafiya, taku 6 ko 12. Kafin ka biya, ka sa a nuna maka inda ake rage tsawon jeri zuwa 12, ko inda ake juya shi zuwa uku-uku. MPC da Electribe duk suna yi. Na'urar da ta kafe a kan 16 za ta riƙa jan kiɗan ƙwarya zuwa wani abu dabam, masu rawa ne za su fara ganewa tun kafin kai ka gane.

To, ranar saye. Ka tafi da hedifon ɗinka, da wayar jonawa, da memori wanda ka tabbatar da ingancinsa, da sababbin batura. Kafin a kunna, ka buɗe gidan batir. Farin gari ko kore a jikin ƙarafan alama ce batir ya taɓa fashewa a ciki. Idan a bakin ƙarfen kawai ya tsaya ana gogewa, idan ya gangara ciki ka haƙura. Ka dubi kawunan sukurori: idan sun goge, an sha buɗe ta, sai ka tambayi dalili. Ka girgiza ta a hankali ka ji ko wani abu na yawo a ciki. Mai batirin ciki kuma ka ajiye ta a kan tebur, idan gindinta ya kumbura tana rangaji, batirin ne ya kumbura, kuma zafin bazara zai ƙara masa.

Sai adafta, inda aka fi yin asara. Ka karanta rubutun jikinta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan da suka fito daga Japan na iya zama na 100, na Amurka na 120. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 120 kaɗai aka rubuta ka soka a bangonmu, nan take za ta ƙone. Ba nan kaɗai ba: adaftar SP-404SX da ta Electribe duk bolt 9 ne, amma ta Roland tsakiyar bakinta ragi (−) ne, ta Korg tsakiyar ƙari (+) ne. Akwai ɗan zane a bayan na'ura da ke nuna haka, sai ya dace da na jikin adafta. Irin adaftar nan ta kasuwa mai baki da yawa da ake juyawa, ita ke jawo kuskuren. Idan babu adafta ta asali, ka nemi ragin farashi mai kauri.

Bayan an kunna, ka bi maɓallan roba ɗaya bayan ɗaya, kowane a tsakiya da kusurwa huɗu, da ƙarfi da kuma a hankali. MPC1000 na farko-farko, masu launin shuɗi, an san su da mutuwar abin da ke jin bugu a ƙarƙashin robar. Ka danna kowane ƙaramin maɓalli sau da yawa, musamman na kunnawa, tsayarwa da naɗa, su ne suka fi shan wahala. Ka murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe kana sauraro. Ƙarar ƙwas-ƙwas ƙura ce, amma idan lambar da ke allo tana tsalle ko tana komawa baya, mamurɗin ya ci. Ka gwada kafar hagu da ta dama kowace ita kaɗai, kana ɗan motsa wayar. Sannan gwajin da ya fi duka: ka naɗi tafinka, ka adana a memorinka, ka kashe, ka kunna, ka buɗo shi. Ka bar ta a kunne aƙalla rabin awa, domin wata cutar sai ta ɗau zafi take fitowa.

Ba kowane aibi ne ke hana saye ba. Ƙaramin maɓalli da kafar jonawa da ta saki, duk mai gyaran rediyo ko waya da ya iya dalma zai canza maka, a Sabon Gari ko a Farm Centre. Mamurɗi mai ƙura ana fesa masa maganin wanke kayan lantarki. Kada a kusance shi da man inji ko kananzir. Allo mai layi-layi, na'ura mai kashe kanta, ko wadda ba ta ganin memori, waɗannan ka bar wa mai su ko da rabin kuɗi ya sallama.

Irin kayan nan ba su cika yawa a Kano ba, an fi samun fiyano da miksa, don haka mai yiwuwa sai a Legas, kasuwar Alaba, ko a Jiji da Facebook za ka gani. Kada ka tura kuɗi a kan hoto. Ka sami ɗan'uwa a can ya je ya yi gwaje-gwajen nan kana kallo ta kiran bidiyo, ya ɗauko hoton lambar da ke bayan na'urar, a rubuta ta a rasit tare da sunan mai sayarwa, saboda gudun kayan sata. Ka roƙi sharaɗin kwana 2 ko 3 na mayarwa.

Idan kuɗin bai kai ba tukuna, akwai manhajar Koala Sampler a wayar Android, za ka iya fara tara jimlolin kalangu da ita, daga baya ka kwashe su zuwa na'ura. In kuma ka saya, ka yi wa memorin fomat a cikin na'urar kanta, ka ajiye kwafinsa a waya, ka cire batura duk lokacin da za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, sannan ka ɗinka mata riga mai zif saboda ƙurar hunturu.