Ga mai tambaya kan ɗinkin shat: ka fara da farke tsohuwa

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya ce ya iya kaftani da wando, amma duk shat ɗin da ya ɗinka sai kwala ta karkace, hannu ya riƙe mutum a hammata, kuma yana neman ta inda zai faro: tun safe na ga tambayarka, aiki ne ya sha kaina sai yanzu da na rufe shago. A Agege ta Legas nake, shekarata 11 a kan keke, kuma wannan abin da kake faɗa na sha shi.

Ka kwantar da hankalinka, ba hannunka ne bai faɗa ba. Kaftani yana rufa wa tela asiri. Ko ka ƙara inci ɗaya a kafaɗa, yalwar rigar za ta shanye shi, aikin wuya kuma ya ɗauke idon mutane. Shat kuwa a jiki take kwanciya, kuskuren kwatan inci ma sai ya fito fili.

Abin da ya buɗe min ido ba wani malami ba ne, gwanjo ne. Ka shiga kasuwar Katangowa, nan wajen Abule-Egba, ka zaɓi shat ɗin kamfani mai dogon hannu wadda ta zauna maka daidai, ko da launinta ya koɗe. Ka zauna da reza ka farke ta a hankali, ɓangare ɗaya kawai, ɗayan ka bar shi a ɗinke don ka riƙa dubawa. Ka goge kowane yanki, ka shimfiɗa a kan kwali, ka zana. Nan za ka ga kwala ba yanki ɗaya ba ce: akwai ganyen da ke kwantawa, akwai gindinta, siririn nan da ke zagaye wuya, kowannensu kuma ninki biyu. Za ka ga yok, wato yankin da ke kwance a kan kafaɗu ta baya, shi ma ninki biyu ne. Za ka ga kan hannu ba daidai yake gaba da baya ba, gaban ya fi zurfin yanka. Wanda bai san wannan ba yakan ninka yadi ya yanke kan hannu iri ɗaya kamar na jamfa, shi ya sa rigar take ja in mutum ya miƙa hannu.

Sai awo. Wurare uku ne ke yanke wa shat hukunci: wuya, kafaɗa, hammata. Wuya ka zagaya tef a gindinsa, ka ƙara rabin inci, yadda in an rufe maɓallin sama yatsa biyu za su shiga. Ƙirji ka ƙara inci 4 ga mai son ta kama jiki, 6 ga mai son walwala. Kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi ta baya, ba inda tsohuwar rigarsa ta faɗo ba. Kuma ka dubi mutumin da idonka kafin ka rubuta lamba, domin tef ba ya gaya maka gangaren kafaɗa. Wani tasa a miƙe take, wani a zube, wani ma ɗaya ta fi ɗaya sauka, musamman 'yan'uwanmu da suka daɗe suna dako a kasuwar Mile 12. In ka gwada masa ka ga tattara ta taso daga wuya ta gangara hammata, kafaɗarsa ta fi yankanka zubewa, sai ka ƙara gangare ka sauke hammatar daidai da haka. In tattarar a kwance take ƙasan kwala ta baya, tasa a miƙe take, rage gangaren.

Batun hammata, yawancinmu baibai muka ɗauke shi. In hannu ya riƙe, sai mu zurfafa yankan, muna ganin an ba shi wuri. To zurfin ne ke sa in ya ɗaga hannu rigar duka ta biyo shi ta fice daga wando. Hammata ta zauna sama, kusa da jiki, yalwar a ba wa baya, da 'yar tattara a ƙasan yok.

Kwala ita ce ta taɓa sa ni kwana ban yi barci ba. Wani yaro a unguwarmu ya samu aiki a wani ofis a Ikeja, ya kawo min farin yadin auduga da kuɗin da ya ranto. Na yanka ban jiƙa ba, gam ɗin kwala kuma, wato ƙyallen da ake manna mata a ciki don ta yi ƙarfi, na shafa masa dutsen guga sama-sama saboda an ɗauke wuta, gawayin ya kusa mutuwa. Ranar da ya karɓa ta yi kyau. Bayan wanki ɗaya ya dawo da ita a leda, maɓallin sama ya ƙi haɗuwa, kwalar duk ta yi bororo. Bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaya, ita kaɗai gare ni." Na sayi wani yadin da kuɗina na sake masa, kuma har yau ba na sa almakashi a auduga sai na jiƙa ta, ta bushe, na goge.

Shi gam dannawa yake so, ba gogawa ba. Ka ɗora ƙyalle mai ɗan laima a kai, ka danna dutse da zafi sosai kamar daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ɗaga, ka matsa gaba, sannan ka bar shi ya huce kafin ka taɓa. Ka yanke gam ɗin ba tare da bakin ɗinki ba don kada gefen ya yi kauri. Ganyen kwala na ƙasa ka rage shi kaɗan, misalin kashi ɗaya cikin takwas na inci, ka ɗan ja shi yayin ɗinki, shi ke sa bakin kwala ya lanƙwasa ciki maimakon ya tashi sama. Karkacewar da kake kuka da ita kuwa, daga rashin alama take. Ka ninka gindin kwala ka sa alli a tsakiya, ka sa a tsakiyar baya, ka haɗa su da fil, ka haɗa na kafaɗu, sannan ka hau keke. In ka faro daga gefe ɗaya kana bi, dole ɗayan ya fi tsawo.

Sauran ƙanana ne. Allura lamba 11 ko 14, ɗinki ƙanana, kamar 14 zuwa 16 a inci. Kekenka Butterfly na ƙafa ya isa, kada wani ya ce sai ka sayi keken Juki. Ramin maɓalli na maza a hagun mai sanye da rigar yake, na gindin kwala a kwance, sauran a tsaye. Yadi biyu da rabi mai faɗin inci 60 ya ishi mai dogon hannu. Kada ka fara da mai zane ko mai dara-dara, haɗa layinsu wani karatun ne daban. Ka je kasuwar Oshodi ko ta Balogun ka sayi mai araha marar zane, ka ɗinka wa kanka guda uku a jere, ka sa kowacce ka yini da ita, ka shiga danfo, motar haya, ka yi sallah, ka ji inda take ja a ruku'u.

In ka gama ta ukun, ka sa wani ya ɗauke ka hoto ta baya da ta gefe, hannuwa a sake, maɓallin sama a rufe, ka turo mu duba tare. Allah ya sa wa hannu albarka.