Tambaya da Amsa: Manhajar gudu ba ta san hanyar ƙauyenmu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin neman aikin soja, shi ya sa nake fita gudu bayan sallar asuba. Ina bin burtalin da ya ratsa gonaki har ya faɗa titin Ringim. Na sa manhajar auna gudu a wayata, amma in na gama sai in ga taswirar fayau, babu hanya, babu sunan garinmu, sai layi yana yawo a fili. Wani lokaci ma ya nuna na bi ta tsakiyar kududdufi. Abokina da ke Kano tasa har lungu take nunawa. Wayata ce ba ta da kyau, ko mu mutanen ƙauye ne ba a lissafi da mu?
Daga Sani, ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'a. Kada ka yi gaggawar sayar da wayarka, domin abu biyu ne suka haɗe maka.

Layin nan da kake gani daga taurarin ɗan Adam yake zuwa, wato GPS na Amurka, kuma wayoyi da yawa suna haɗawa da na Rasha, Turai da Sin. Ba ya buƙatar data, ba ruwansa da ko an san garinku. Da shi ake lissafa nisan da ka yi. A fili kuskurensa bai cika wuce 'yan mitoci ba, amma ƙarƙashin inuwar darbejiya ko mangwaro yakan kauce. Babban mai ɓata shi shi ne tsarin tattalin batir: da ka sa wayar a aljihu sai ta dakatar da manhajar, in ta farfaɗo sai ta ja miƙaƙƙen layi daga inda ta tsaya zuwa inda kake. Ta haka ka tsinci kanka a kududdufi, kuma nisan ya ragu. Ka cire manhajar daga wannan tsari, ka tsaya a fili kamar minti ɗaya kafin ka fara. In kana son tabbaci, ka sa mai babur da mitarsa ke aiki ya auna maka burtalin, ka kwatanta.

Taswirar kuwa shimfiɗa ce kawai da ake ɗora layin a kai, kuma a nan ƙorafinka yana kan gaskiya. Manhajojin gudu da yawa, har da wata mai suna Strava, suna dogara da bayanan OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet wadda aka fara a Ingila a 2004, kuma 'yan sa-kai ne ke zana ta. Inda masu zane suka yi yawa, har rariya za ka gani. Inda babu, sai fili. Abin yana ci mini rai, domin burtalin da makiyaya da masu amalanke suka bi shekara da shekaru ya fi wasu titunan birni amfani. Kuma an taɓa nuna cewa ana iyawa: lokacin yaƙi da shan-inna an zana taswirorin ƙauyukan Kano da Jigawa daga hotunan sama, aka ba masu rigakafi wayoyi masu GPS don kada a tsallake ko da ruga.

Kai ma za ka iya. Buɗe asusu a OpenStreetMap kyauta ne. Za ka ga hoton garinku daga sama, ka bi burtalin ka zana, ka sa sunan gari yadda ku kuke faɗarsa, ka ƙara masallaci, firamare da kasuwa. Ya fi sauƙi a kwamfuta, don haka ka nemi shagon kwamfuta ran da ka shiga Ringim. Gyaran yakan ɗauki lokaci kafin ya bayyana a manhajar. Kafin nan ka duba ko tana da zaɓin hoton tauraron ɗan Adam, shi zai nuna maka gonakin da hanyar, sai dai ya fi shan data.

Tunda soja kake nema, ga wani abu. A farkon 2018 aka gano cewa taswirar da Strava ta wallafa ta wuraren da jama'a ke gudu ta fallasa sansanonin sojoji a Siriya da Afghanistan, saboda sojojin suna atisaye da na'urorinsu a kunne. Tun yanzu ka shiga saitin sirri ka ɓoye inda kake farawa da inda kake ƙarewa, ko ka bari sai ka bar ƙofar gida da ɗan nisa kafin ka kunna.