Ruwan Kwata Ba Taki Ba Ne

Tambaya: Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida a Ɗorayi, na latas, alayyahu, tumatir da zogale. Famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, kuɗin mai ruwa kuma ya fi ƙarfina. An ba ni shawarar in karkatar da ruwan wanki da na kwata zuwa lambun. Yarana ne ke cin ganyen nan, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya da kika tsaya tambaya. A watan Afirilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, wani kaso na ruwan da ake yayyafawa da rana iska ce ke shanye shi kafin ya kai saiwa. Ki riƙa ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a gindin shuka, ki ƙosar da ƙasar sosai maimakon yayyafi kullum, sannan ki rufe ta da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Idan kika binne tulun ƙasa har wuya tsakanin tumatir, kika cika shi kika rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali daidai inda saiwa take.

Amma maganar kwata, kada ki kuskura. Kusan kullum sai na ji wani yana cewa wai ƙasa tana tace komai, ko kuma ruwan da ya yi baƙi ya fi kitse, kuma masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa a ɗakin masu amai da gudawa ba. Ruwan da ya bi ta makewayi ko aka wanke ɗan jariri da shi yana iya ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki, wanda kan yi watanni a ƙasa bai mutu ba. Latas kuwa ɗanye ake cin sa, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da abin da ya maƙale a lungun ganyensa. Wasu har kafa hujja suke da lambunan bakin kogin Jakara, wai ga su nan kore shar, alhali ruwan ya haɗa dattin birni da na masana'antun Bompai, kuma koren ganye ba shaidar tsabta ba ne. Ruwan omo da bilic kuma gishirinsa taruwa yake, ya ƙone saiwa, ya daskarar da ƙasa, sai ki wayi gari tana neman ruwa fiye da da.

Wanda za ki tara shi ne ruwan alwala, na wankin shinkafa da na kayan miya. Ki zuba shi a gindin zogale da tumatir a ranar, kada ya kwana ya yi wari ko ya tara sauro. Latas kuwa ki bar shi sai sanyi ya dawo, domin a bazara shi ne mai cinye miki jarka.