Kana son janyo wa fitilun ƙari wuta daga hedlait? Tsaya tukuna

Na ga saƙonka jiya da dare. Ka ce an kawo jif ɗin shiga daji za a sa mata doguwar fitilar LED mai wat 180 a sama da ƙanana guda biyu masu wat 40 kowace a kan bamba, kana tambaya wai tunda LED ba ta cin wuta me zai hana ka fere wayar ful lait ka janyo daga nan ka sa suwic a dashbod shikenan, ba sai an wahala da rile ba, wato ɗan suwic ɗin nan da ƙaramar wuta ke sa shi ya buɗe wa babbar wuta hanya.

Toh yarona, ba haka ake yi ba, kuma bari in nuna maka da lissafi don kar ka ce Oga ne kawai yake son tsawaita aiki. Wat ɗin fitila za ka raba da folt ɗin mota ya ba ka am. 180 a raba da 12 ya ba ka am 15. Ƙananan biyu wat 80 ke nan, kusan am 7. Ka haɗa su ka samu wajen am 22. Shi kuwa ƙwan hedlait irin H4 wat 60 ne a ful, am 5 kacal, kuma wayar da kamfani ya sa masa da fiyus ɗinta daidai wannan aka auna su, to kai yanzu za ka ɗora mata am 22 a kai ka ce ta yi haƙuri? In ka yi sa'a fiyus ya ƙone. In ba ka yi ba soket ya narke ko suwic ɗin sitiyari ya tafi, kuma ka tuna ba a gareji abin zai faru ba, sai mutum yana tsakiyar daji da dare duka fitilun su ɗauke lokaci ɗaya tunda ka ɗaure su a layi guda. Zancen LED ba ta cin wuta gaskiya ne idan ka gwada ta da halojin mai haske irin nata, amma am 15 am 15 ne ko wace irin fitila ce ke ja.

Ita fitilar wutarta daga batir za ta zo kai tsaye, da wayarta mai kauri da fiyus ɗinta, ta bi ta rile. Suwic ɗin da ke dashbod ɗan aike ne kawai, yana gaya wa rile buɗe ko rufe, abin da ke bi ta cikinsa bai kai rabin am ba, shi ya sa siririyar waya ta ishe shi kuma babbar wuta ba ta shiga inda mutane ke zaune kwata-kwata.

Juya rile ɗin ka duba ƙasansa za ka ga lambobi. 30 shi ke karɓar layif, wato wutar fozitif, daga batir bayan fiyus. 87 shi ke fita zuwa fitila. 86 da 85 su ne na koyil, abin da ke kunna rile ɗin, 86 daga suwic, 85 zuwa bodi, wato jikin ƙarfen motar. Idan mai ƙafa biyar ne akwai 87a a tsakiya, ka rabu da shi ka rufe shi, don shi yana da wuta ne lokacin da rile ke kashe, in ka yi kuskure ka sa fitila a nan za ta kama da kanta ta mutu idan ka kunna suwic, ka tsaya kana zagin rile. Wasu za su ce maka 85 da 86 ko yaya ka juya su ɗaya ne. A rile na gama-gari haka ne, amma akwai mai dayod a ciki, ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, wannan in ka juya shi ka yi shot, don haka ka saba hannunka da layif a 86 kullum. Ka ɗauki mai am 30 ko 40, kuma ni rile biyu zan sa, ɗaya na ta sama ɗaya na ƙananan, kowanne da fiyus ɗinsa da suwic ɗinsa, saboda direba ba koyaushe yake son duka ba, cikin ƙura ko hazo ta saman nan hasken dawowa yake yi ya bugi ido. Ka ɗaure rile ɗin ƙafafunsa na kallon ƙasa don ruwa kar ya kwanta a ciki.

Yanzu fiyus, nan ne nake so ka buɗe kunne sosai. Fiyus ba fitila yake karewa ba, waya yake karewa. Shi ya sa wurinsa dab da kan batir ne, kar ya wuce tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta, in ta goge a jikin ƙarfe babu abin da zai yanke wutar, batir kuwa zai iya tura ɗaruruwan am ta ciki ta yi ja ta kama da wuta. Na sha ganin aikin da aka sa fiyus can kusa da fitila, mita biyu daga batir, wai an sa fiyus. Ga ta sama mai am 15 ka sa fiyus na 20, mai ruwan ɗorawa, ga ƙananan ka sa na 10, ja. Kuma idan fiyus yana ƙonewa ba ƙara girmansa ake yi ba, ba kuma a naɗa masa zaren waya, nemo abin da ke ƙona shi ake yi.

Kaurin waya ma lissafi ne ba ido ba. Wayar tagulla mai kaurin mil 1, wato milimita sukwaya 1, in ka ja ta mita 6 zuwa rufin mota da am 15, sama da folt ɗaya da rabi zai ɓace a hanya, kuma ba ɓacewa yake yi a banza ba zafi yake zama a jikin wayar. Mai 2.5 asarar ba ta wuce 0.6 da ɗan wani abu, mai 4 ba ta kai rabin folt ba. Don haka ta sama 2.5 ne mafi ƙaranci, in tafiyar da nisa ka sa 4, ƙananan 1.5 ya ishe su. Sannan ka kankare bakin wayar da wuƙa ka gani, in cikinta ya yi fari to alminiyom ce aka shafa mata tagulla, roba ce ta yi kauri kawai, ba ta ɗaukar abin da tagullar gaske ke ɗauka. Har wayoyin da ke zuwa cikin kwalin fitilar ka duba su haka, ban cika yarda da su ba.

Wayar bodi kaurinta ɗaya da ta layif, duk abin da ya tafi ta nan zai dawo. Ka goge fenti har ƙarfe ya fito fes, ka sa mata kai mai zobe ka ɗaure da noti, ka ɗan shafa giris. Kar ka dogara da bamba ko kariyar rufi, galibi fenti da roba ne tsakaninsu da jikin motar, yau ta kama gobe tana ƙyaftawa. A sababbin motoci in ka ga wata 'yar na'ura maƙale a kan nagatif ɗin batir, sensa ce mai auna wutar da ke shiga da fita, kar ka ɗaura a kan batir ɗin kai tsaye ka tsallake ta, ka kai jikin bodi.

To ina suwic zai samo tasa wutar? Nan ne kaɗai wayar ful lait ɗin da kake so za ta yi amfani, a matsayin sigina zuwa 86 ta cikin suwic, ta yadda da direba ya yi dim saboda mota na tahowa fitilun ƙarin su mutu tare, ba sai ya laluba ba, kuma a ƙasashe da yawa haka doka ta ce. Amma ka auna da mita kafin ka fere komai. Toyota da yawa, irin su Hilux da Land Cruiser na da, ta ɓangaren nagatif suke kunna hedlait, wato layif na nan zaune a soket sai an ba shi bodi, in ka haɗa yadda ka saba za ka ga fitilar ta kama a dim ta mutu a ful ko ta ƙi mutuwa sam. Irin waɗannan 86 zai ɗauko daga layif ɗin soket, 85 kuma ya tafi wayar ful ɗin maimakon bodi. Sababbi masu kwamfuta kuma wasu ba sa son a taɓa musu layin fitila, sai su kunna maka alama a dashbod ko rile ya riƙa karkarwa, a nan gara ka ɗauko daga akwatin fiyus a layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa ki, da ƙaramin fiyus na am 3 ko 5. Ko ba komai mai mota ba zai manta fitila a kunne ya tashi batir ya kwanta ba.

Sauran aikin na girgiza da ruwa ne, motar daji abin da take sha ke nan. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai da robar rami, ka zura ta cikin tiyon waya, ka ɗaure duk bayan ɗan taƙi, nesa da salansa da fanka da sandar sitiyari. Haɗi kuma ba murɗawa da baƙin tef ba, ka matse da fulaya ta kirimfin ka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, wajen fitilar ka sa soket mai hana ruwa don a iya cire ta ba sai an yanka ba.

Ka cire nagatif ɗin batir kafin ka fara, fiyus shi ne na ƙarshen sawa. Ka kuma tabbatar motar folt 12 ce, akwai masu 24, in haka ne rile ɗin ma sai na 24. In ka gama ka tada inji ka kunna komai, ka auna folt a batir sannan a bakin fitilar, bambancin kar ya wuce kamar rabin folt, bayan minti goma ka taɓa waya da rile da gidan fiyus, in wani ya yi zafi akwai haɗin da bai matsu ba. Kar ka rufe dashbod sai na zo na duba.